Rigar Ceton da Na Cire wa Babana

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Kiyaye Haɗurra,
Hukumar Kula da Jiragen Ruwa na Yawon Buɗe Ido.

Daga:
Ma'aikaciyar jinya, 'yar dattijon da ya faɗa tafki daga jirgi mai lamba huɗu.

Kwanan wata: 9 ga Satumba.

Game da: Dakatar da matuƙin jirgi mai lamba huɗu bisa bayanin ƙarya da ni kaina na bayar.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gabatar da wannan ƙorafi a kan ofishinku, tare da sanin cewa mafi yawan laifin da ke cikinsa nawa ne.

A watan Yuli na rako mahaifina ƙasarku aka yi masa aikin ido. 'Yan'uwana ni suka zaɓa saboda aikina, wai ni ce na san kula da mara lafiya. Ranar 14 ga wata, da likita ya sallame mu, na kai shi yawon tafkin nan na tsakanin duwatsu, don ya fara morar idonsa da abin kallo. Kafin mu tashi, matuƙin, wani mutum mai furfura a gemu, da hannunsa ya sa wa Baba rigar ceto, ya ja igiyoyinta ya gwada har sau biyu.

Da muka kai tsakiyar ruwa, Baba yana ta ƙirga mini kawunan duwatsu masu ƙanƙara, mutumin da shekara uku bai bambance fuskokin jikokinsa ba. Sai na so in ɗauke shi hoto in aika gida. Rigar kuwa ta kumbura shi kamar buhun auduga, na ga ba haka nake so a gan shi ba. Na kwance ta, na rataya a hannuna, na tsayar da shi jikin ƙarfen gefe. Igiyar ruwan wani jirgi ta bugi namu, Baba ya tafi ta baya. Ni ina tsaye da waya a hannu, matuƙin ne ya kashe inji ya faɗa ruwan nan mai sanyin ƙanƙara ya fito da shi.

Ƙorafe-ƙorafena su ne:

1. Jami'inku ya ɗauki bayanina a bakin gaɓa da ƙarfe huɗu da rabi, minti ashirin bayan faruwar abin, Baba yana cikin motar asibiti, yayana kuma yana ta kira daga gida. Ta bakin tafinta aka tambaye ni ko an ba dattijon riga. Na ce ba a ba shi ba, na sa hannu. Ban ce an tilasta ni ba, kuma tafintan bai yi kuskure ba, abin da na faɗa shi ya fassara. Tsoron abin da zan gaya wa yayana ne ya kama ni. Amma a asibitin da nake aiki ba ma karɓar sa hannun wanda ke cikin firgici, ina ganin ku ma bai kamata ku karɓa ba.

2. Ba wanda ya tambayi mahaifina komai. Kwana biyu ya yi a gadon asibiti da hankalinsa garau, kuma ba mutum ne mai rowar magana ba.

3. Ranar 2 ga Agusta kuka aiko mini da takardar ban haƙuri, kuka sanar da ni an dakatar da matuƙin, kuma ranar 25 ga Satumba za a zauna don soke lasisinsa, bayan shekara ashirin da biyu yana aiki. Har kuka haɗo mini da tikiti biyu na kyauta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ga tikitinku nan na maido.

4. Na rubuto ranar 5 da ranar 19 ga Agusta ina janye bayanina. Amsa ɗaya na samu, cewa bayanin farko shi ne abin dogaro, wai fasinjoji sukan ji tausayin ma'aikata daga baya. Ranka ya daɗe, ba tausayi ba ne. Ƙaryata kuka karɓa cikin minti biyar, gaskiyata kuma wata guda ke nan tana jira a bakin ƙofarku.

Na haɗo hotuna biyu daga wayata. Na farko, ƙarfe huɗu saura minti goma, Baba na zaune da rigarsa a ɗaure. Na biyu, ƙarfe huɗu da minti uku, yana tsaye ba riga, kuma a gefen hoton ana ganin igiyarta tana lilo daga hannuna. Shi ne hoton da na so in aika gida, har yau ban nuna wa kowa ba.

Baba ya san wanda ya cire masa riga, bai kuwa taɓa faɗa wa kowa ba. Abin da bai sani ba shi ne abin da na sa wa hannu. Kusan kullum sai ya tambaye ni ko matuƙin nan ya samu saƙon godiyarsa, ni kuma in ce ya samu.

Don haka ina roƙo da a soke bayanina na 14 ga Yuli a maye gurbinsa da wannan, a mayar da matuƙin bakin aikinsa kafin ranar zaman, a kuma ba shi wannan takarda ya karanta da idonsa. In akwai hukuncin da dokarku ta tanadar wa mai ba da bayanin ƙarya, adireshina yana bayan ambulan, ba zan ɓoye ba.

Ina neman afuwar ɗaukar lokacinku. Allah ya ƙara girma, ya sa a duba da wuri.

Taku cikin ladabi,
(sa hannu)
Ma'aikaciyar jinya, fasinja mai kujera ta goma sha ɗaya.

Kwafi zuwa ga: Mahaifina. Da kaina zan karanta masa yau in na taso daga aiki.