Tudun da Baban Nafisa Ya Hau da Ƙafa

Laraba da dare, wani ƙauye kafin Lyon

Yau na tsorata. Mun shirya da maigidana Baban Nafisa, shi yana tafe a kan keke ni a mota, in jira shi a dandalin ƙauyen nan. Na dafa shinkafa a cikin mota, har ta huce bai iso ba, kuma ba ya ɗaukar waya. Tun da aka yi masa aikin zuciya bara, in ya yi jinkiri kaɗan sai gabana ya faɗi.

Na juya ƙatuwar motar hayar nan mai gado da murhu, na koma nemansa. Na tarar da shi a tsakiyar wani tudu, ya sauka yana tura keken, rigarsa sharkaf da gumi.

Na ce, "Baban Nafisa, ɗora shi a baya mu tafi. Daga Paris zuwa nan ai ka yi ƙoƙari. Wa zai sani?"

Ya ce, "Ni zan sani, Hadiza. Likita cewa ya yi in na gaji in taka, bai ce in zauna ba."

Na so in yi faɗa, amma na haɗiye. Na kunna fitilu, na bi bayansa a hankali, motoci na ta danna mini hon, har muka kai sama.

Yanzu ya yi barci. 'Yarmu Nafisa ta kira daga Vénissieux, can gefen Lyon inda muka nufa, tana tambayar jikinsa. Na ce ta ɗora tukunya da wuri gobe, babanta a kan keke zai shigo.