Kan Yumɓu Mai Lamba Ɗaya

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar? Sau uku ina kiranka a waya kana ta "wa ke magana?" har na haƙura, shi ya sa na koma takarda.

Gidan adana kayan fasaha na jami'armu zai cika shekara hamsin, kuma Darakta ya ɗora mini rubuta tarihinsa. Takardu sun nuna marigayiya Farfesa ta fara shi da zane goma sha ɗaya a barandar sashen zane, yau ga shi kaya sun haura dubu biyu. Amma takarda ba ta san wanda ya buga ƙusa ba. Shekara talatin da huɗu kana kafintan gidan nan, duk firam ɗin katakon da ke riƙe da zanen bene na sama aikin hannunka ne. Ka ba ni labari. Na riga na rubuta cewa tsawon aikinka ko ƙwarzane ba a taɓa samu a jikin kaya ba.

Ga albishir kuma. Kan macen nan na yumɓu, mai lamba ɗaya, wata jami'a ta nemi aronsa. Ranar Talata ƙwararriya za ta ɗauki hoton cikinsa da na'ura kafin a naɗe shi.

Mama ta ce ka daina hawa tsani, ba yaro ba ne kai.

'Yarka mai ƙaunarka.

*

Uwata,

Wa'alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi. Ki ce wa uwarki tsanin nawa ne.

Takardarki ta hana ni cin abinci kwana biyu. Ki goge maganar ƙwarzanen nan, ƙarya ce, kuma ni na jawo.

Shekara talatin da ɗaya ke nan, wata Asabar da hantsi, Farfesa ta sa ni in canza katakon da kan yake zaune a kai. Ni kaɗai ne a zauren. Na ɗaga shi da hannu biyu, wallahi ban yi tuntuɓe ba, ban yi gaggawa ba, sai kawai ya buɗe a hannuna kamar ƙwai. Na zauna a ƙasa ina kallon hancin baiwar Allah a gefe guda, kunnenta a wani gefen. A lokacin uwarki tana gidana da ku uku, mahaifinku bai daɗe da rasuwa ba. Na ce in aka kore ni ina za mu dosa? Na kulle ƙofa, na dafa gam irin na masu gyaran kayan kiɗa, na haɗa shi, na shafe tsagar da garin tukunya. Litinin Farfesa ta zo ta tsaya gabansa ta daɗe, sannan ta ce, "Katakon ya yi kyau." Tun daga ranar ban ƙara kallon idonta sosai ba har ta koma ga Allah.

Yanzu na'ura za ta tona abin da na binne. Ba kaina nake ji ba, na ci zamanina. Ke nake ji, kada a ce 'yar gidan mai ɓarna ce ke riƙe da makullin ɗakin ajiya. Ki kai wa Darakta takardar nan da hannunki kafin Talata. Gara ya ji daga bakinmu.

Kawunki.

*

Kawu,

Gaisuwa a taƙaice. Na kai masa. Ya karanta a tsaye, ya cire tabarau, ya ce, "Sai mun ga hoton tukuna." An ɗage zuwan ƙwararriyar zuwa Alhamis. Don Allah ka ci abinci.

'Yarka.

*

Kawuna na kaina,

Assalamu alaikum. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta, ba a kan tsani ba.

Ƙwararriyar ta zo. Da hoton ya fito ta kira mu ni da Darakta. Ta nuna tsagogin da bakin biro ta ce, "Gyara biyu ne a nan. Na farko da gam ɗin ofis aka yi shi, irin na manna ambulan. Wanda ya yi ko kujera bai taɓa gyarawa ba. Na biyun kuwa, wannan ya san hannunsa. Ba don shi ba da tuni kan ya zama gari."

Darakta ya dube ni, na dube shi. Muka sauka ɗakin ajiya muka buɗe akwatunan takardun Farfesa da iyalinta suka kawo bara, waɗanda har yanzu ba mu gama jerawa ba. A na huɗu muka sami littafinta na shekarar da kan ya fashe a hannunka. Ga abin da ta rubuta, na kwafe maka harafi da harafi:

"Kan nan a fashe na samo shi, gida shida, a cikin buhu. Ni na manna shi a ofis, na ce wa hukumar jami'a lafiyayye ne, don in sun ji fasasshe ne ba za su ba ni ɗaki ba. Kullum ina jiran ranar da zai watse. Yau na tarar ya watse an kuma haɗa shi, haɗin da ya fi nawa nesa ba kusa ba. Kafinta ne. In na yi masa magana sai na tona kaina, in na yi shiru zai ɗauka laifinsa ne. Na yi shiru. Allah ya yafe mini, wata rana zan gaya masa."

Kawu, Darakta ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa kuka na yi. Ashe shekara da shekaru kuna wuce juna a baranda kowa yana sunkuyar da kai, kai kana jin kunyarta, ita tana jin taka.

Za a ba da aron kamar yadda aka shirya, kuma ƙwararriyar ta ce kada a taɓa gam ɗinka. Darakta yana neman izininka a sa labarin duka a littafin, kuma yana so ka zo ranar bikin cika shekara hamsin. Me ka ce?

'Yarka, wadda ta samu barci.

*

Uwata,

Alhamdu lillahi. Na karanta sau huɗu, sannan na ci kwano biyu.

Na yafe wa Farfesa, Allah ya jiƙanta. Amma gam ɗin ambulan! Da ta tambaye ni.

Ku rubuta, ban hana ba. Sai dai ki gyara lissafi. A hannunta gida shida ne, a hannuna bakwai ya yi. Akwai ɗan guntu kamar ƙwayar wake daga bayan kunnen hagu, sai da gam ya bushe na gan shi a ƙarƙashin takalmina. Yana cikin gwangwanin ƙananan ƙusoshina, naɗe a auduga.

Ki gaya wa ƙwararriyar kada ta rufe akwatin da za a tafi da kan. Ina tafe da shi ranar Laraba.

Kawunki.