Allurar Da Ta Ƙi Komawa Sifili

Zuwa ga autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da amaryata ƙarama. Ya tarin da ya dame ta? Mu nan lafiya lau, innarki ma ƙafar ta yi sauƙi.

Na zaɓi in rubuto ne don a waya katse ni kike yi. Na san kun yi magana da yayanki, kun yanke cewa in bar teburin gyara in koma bakin kanta ina karɓar wayoyin mutane, don hannuna ya fara rawa. Na kuma ji kina shirin aiko mini da kujerar hutu. Rawar hannu gaskiya ce, ba na musu. Amma ba ku tambaye ni ba.

Ga abin da ake ciki. Wata ungozoma ta kawo waya mai shanye caji cikin awa huɗu, ko a kashe take. Da wayar ake kiranta in haihuwa ta zo, sau biyu ana nemanta ba a samu ba. Yayanki ya canza batir, bai yi ba. Ya haska injin da sabuwar kyamararsa mai ganin zafi, ba ta nuna komai ba. Ya ce a ba ta haƙuri ta sayi wata.

Na karɓa na haɗa ta da tsohuwar mitata mai allura, wadda kuke cewa ta girme ku. Waya mai lafiya, kafin a danna maɓallin kunnawa, ba ta jan wuta ko kaɗan, allura tana kwance a sifili. Wannan kuwa tana jan wuta har miliamfa arba'in ba wanda ya taɓa ta. Wato akwai inda wuta ke zurarewa, kamar randa mai tsaga. Batir ba shi da laifi.

Na faɗa wa yayanki a gaban maƙwabcinmu tela: in Asabar ta yi ban gano wurin ba, ni da kaina zan ɗauke kujerata. In na gano, ba mai sake tayar da maganar. Telan ya ce ya shaida, har ya yi alkawarin ɗinka mini matashin kujerar hutun kyauta. Na ce ya adana zarensa.

Ki gaida kowa.

Mahaifinki,
wanda kasuwa ke kira Mai Allura

*

Zuwa ga autata,

Ina gaishe ki tare da fatan alheri. Na ji daɗin jin tarin ya tafi. Ki ce wa amaryata ina nan ban yi mata kishiya ba.

Kin ce a saƙonki taurin kai ne. Ga yadda taurin kan ya ƙare.

Kwana biyu na yi ina cire sassa ɗaya bayan ɗaya: allo, kyamara, mashigar caji. Kowanne na cire sai in dubi allura, tana nan a arba'in. Da ungozomar ta leƙo ranar Alhamis, na tambaye ta inda take ajiye wayar. Ta ce aljihun rigar aiki, kuma sau da yawa da jiƙaƙƙen hannu take ɗauka. Sai na ɗaga murfin ƙarfen da ke rufe sashen wuta. Kyamarar yayanki ba ƙarya ta yi ba, murfi aka nuna mata. A ƙarƙashi akwai ɗan koren tsatsa. Na saka wuta, na kai injin leɓena kamar yadda nake yi shekara ashirin, na ji ɗumi a wuri ɗaya: kapasita ce, 'yar abar da ke riƙe wuta, ba ta kai ƙwayar gero ba.

Yanzu ga abin da ba zan ɓoye miki ba. Ganowa daban, cirewa daban. Na ɗauki hantsaki, hannu ya ƙi tsayawa. Yayanki ya miƙo nasa, na ce ya matsa. Na ɗora tsintsiyar hannun dama a kan dunƙulen hagu, na riƙe numfashi, na cire ta. Amma na ture wata da ke kusa da ita, lafiyayya, ta faɗa kan tebur. Yayanki ya ɗauke ta, ya mayar da ita wurinta cikin minti ɗaya, aiki tsaf. Ni na koya masa, amma ya fi ni hannu yanzu, na yarda.

Muka haɗa mita. Allura ta kwanta a sifili. Ungozomar ta dawo jiya, ta ce kwana biyu ba ta nemi caja ba.

Telan ya ce rabi na ci, rabi na faɗi. Na tuna masa sharaɗin ganowa ne, kuma shi ne shaida. Da safen nan na tarar yayanki ya jawo kujerarsa kusa da tawa, ya ajiye mini wayoyi uku da suka gagare shi.

Saboda haka kujerar hutun nan, ki ba innarki, ita ce mai ciwon ƙafa. Ni gilashi mai ƙara girma nake so, in kin samu mai kyau.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Mai Allura, daga kan teburinsa