Tamam Sau Tara

Asabar, 2 ga Fabrairu, 2013

Gobe sai Sina. Kwana biyar cikin duwatsu, kwana a tanti, ranar Juma'a a hau ƙololuwar Jabal Katrina. Duk aikin Sulaimanu ne, abokin ɗakina. Ya gama karatu, wata mai zuwa zai koma Gusau, wai ba zai bar Masar bai taka dutsen da ya fi kowanne tsawo ba. Shekara biyu yana wannan zance. Ni kuwa hawa bene na biyar a unguwarmu ta Abbasiya ma haki yake sa ni. Na sayo takalmi a kasuwar Ataba, ya ɗan matse ni. Mai shagon ya rantse zai saki.

Litinin, 4 ga Fabrairu

Bai saki ba.

Mu shida ne, mu biyu da Misirawa huɗu 'yan unguwar masu kuɗi ta Muhandisin, da kaya kamar za su yaƙi. Jagoranmu Ammu Auda, dattijon Badawi, Balaraben sahara, da silifas yake tsallake duwatsu. Safe, rana da yamma sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya: "Tamam?" Misirawan nan ba ta ido, wannan ya ce gwiwa, wancan ya ce ciki. A gaishe ka ka kama lissafa ciwo! Ni dai tamam, alhamdu lillah. Babban yatsana na ƙafar dama ya yi bororo, ya fashe.

Talata, 5 ga Fabrairu

Yau na yi shafa a kan safa don kada a ga ƙafar. Ni da nake tayar da jijiyar wuya a kan masu yi. Sulaimanu ya ƙyalla ido, ya ce, "Malam ya sauya mazhaba ke nan?" Na ce sanyi ne.

Laraba, 6 ga Fabrairu

Raƙumin da ke ɗauke mana kaya ya juya gari da mai shi, don gaba hanya ta yi masa ƙunci. Kafin su tafi Ammu Auda ya tsaya a gabana, idonsa a ƙafata. "Tamam?" Da na buɗe baki da yanzu ina gari, amma na san Sulaimanu zai biyo ni. Na ce tamam. Na tsaya ina kallon raƙumin har ya ɓace.

Kaluluwa ta fito. Ba gaba da daɗi, ba baya.

Alhamis, 7 ga Fabrairu

Takalmin ya ƙi shiga. Ammu Auda ya durƙusa ya zare safar da kansa, wari ya tashi, yatsan ya yi suntum da mugunya. Ya ce sau tara ya tambaye ni. Na ce ai gaisuwa ce, mu a wurinmu ba a amsa gaisuwa da kuka. Ya ce, "Gaisuwa tun a gari na yi maka ita. A nan ƙafafu nake ƙirgawa." Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Da kafaɗar Sulaimanu na kai wani ɗakin dutse a cikin lambun dangin Ammu.

Juma'a, 8 ga Fabrairu

Ammu da Misirawan sun hau. Sai a can sama waya ke kamawa, daga nan Ammu zai kira mai raƙumi ya zagayo ta doguwar hanya. Ya ce ba a barin mai zazzaɓi shi kaɗai. Ban ko rufe baki da "ka tafi" ba Sulaimanu ya ajiye jakarsa.

Daga ƙofa ana hango ƙololuwar. Wuni guda ya ba ƙofar baya, yana dafa ruwan gishiri yana gasa mini ƙafa. Gara ma ya zage ni.

Asabar, 9 ga Fabrairu

Sun sauko da hotuna. Ba raƙumi, dusar ƙanƙara ta toshe mashigi. Ɗakin taku huɗu ne, na haddace kowane dutse na bangonsa.

Alhamis, 14 ga Fabrairu

Abbasiya. Ran Lahadi raƙumin ya iso. Likita ya cire farcen, ya ce yatsan ya sha da ƙyar.

Ɗazu Sulaimanu yana ɗaure littattafansa cikin kwali na ce ya yafe mini. Ya ce, "Haba, ba komai." Da a da ne, da na ce madalla na juya na kwanta. Ban san me ya shige ni ba, na ce ba gaisuwa nake yi ba, tambaya ce.

Ya daɗe yana jan igiya. Sannan ya ce, "Wallahi na ji haushinka, Lawal. Har yanzu ina ji."

Na ce to. Na matsa na danne masa kullin da yatsa ya ƙarasa ɗaurewa.