Takarda Mai Koren Biro

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Yau na raba takardun tambayoyi na binciken digirina na biyu: me namiji ke nema wurin matar aure, me mace ke nema wurin miji. Ba suna, ba lambar waya, don kowa ya saki jiki ya faɗi gaskiya. Rebecca, maƙwabciyarmu 'yar Kafanchan, ta ɗauki hamsin za ta kai cocinsu. Yaya Auwalu ya tafi da hamsin majalisarsu ta Gyadi-Gyadi.

Inna ta bi ni da ido ta ce, "Safiya, kina ta binciken auren mutane, naki fa?" Na yi dariya, amma ta ciwo ce.

Alhamis, 8 ga Mayu

Murtala ya zo zance bayan la'asar. Shekara biyu ke nan yana zuwa, hedimasta guda, koren bironsa maƙale a aljihu kullum kamar da shi aka haife shi. Mun yi hira har magariba. Maganar turo magabata dai har yanzu "ana nan ana shiri." Watan gobe zan cika talatin da uku. Ina son mutumin nan, abin da ya cuce ni ke nan.

Asabar, 10 ga Mayu

Rebecca ta dawo da nata. Muka haɗa da waɗanda na tattaro da kaina, muka baje su kan tabarma muna karantawa, muna cin gyaɗa. Na ɗauka zan ga bambanci. Ina! Mazan coci da mazan masallaci bakinsu ɗaya: yarinya, kyakkyawa. Matan kuma, mai abin yi, wanda ya girme su.

Masana sun rabu biyu kan dalilin haka. Wasu sun ce halitta ce tun kakannin farko, wasu sun ce rashin abin hannu ne ya koya wa mata haka, in suka samu ilimi da aiki abin zai sassauta. Ni ina bayan na biyun, har na fi su zaƙewa. Na faɗa wa Rebecca, ta taɓe baki. "'Yar'uwa, yayata likita ce, shekararta talatin da takwas. Kowa na gaishe ta da girmamawa, ba mai tambayar gidansu."

Talata, 13 ga Mayu

Na manta Murtala a majalisar su Yaya yake zama. Wallahi na manta.

Ina shigar da amsoshi a kwamfuta sai ga takarda da koren biro. Rubutun da na sani, mai kwantawa gefe. Ya kamata in kife ta in ba Rebecca ta shigar, haka malaminmu ya koya mana: mai bincike bai kamata ya san mai amsa ba. Ban kife ba.

Shekarun matar da kake so: sha tara zuwa ashirin da uku. Iliminta: kada ta wuce sakandare. A layin ƙarshe, inda na bar fili don ƙarin bayani, ya rubuta: "Mai ilimi da yawa ta hira ce, ba ta ajiyewa a gida ba."

Ni na roƙi gaskiya, aka ba ni. Na shigar da ita kamar sauran.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ya zo, har da tsarabar mangwaro. Ba damar in tambaye shi, ni ce na rubuta alƙawarin sirri a saman takardar, na sa hannu. Yana ta labari, can ya ce, "Ke kam, Malama, hira da ke ba a gajiya." Da ya san abin da ya taɓo! Na ce kaina ke ciwo, na shige gida.

Abin haushin, ba mugu ba ne. Takardarsa ba ta bambanta da sauran ba. Da shi kaɗai ne, da na yi fushi na huta.

Laraba, 21 ga Mayu

Ya kira sau huɗu. Ban ɗaga ba. Bai kira na biyar ba.

Lahadi, 1 ga Yuni

Babi na biyar yana nan kan tebur, inda na rubuta cewa ilimin mata zai gyara lamarin. Mako biyu ban buɗe shi ba. Zafi ne ya hana ni, ina jin.

Na raka Inna unguwar Babban Giji wurin wata Hajiya mai dalilin aure. Rakiya ce kawai. Sai Hajiyar ta miƙo min takarda, ita ma da tambayoyinta: suna, shekaru, unguwa, ilimi. Na daɗe riƙe da biro. Ta leƙo ta ce, "Rubuta mai sauƙi, 'yata, kada ki tsorata su."

A gurbin ilimi na rubuta sakandare. Ai ba ƙarya na yi ba, na yi ta.