An Sato Shi daga Lakwal, Yana Neman Komawa

Malam Iddi, ka taimake ni da shawara tun kaina bai fashe ba. Ni mai koko da ƙosai ce a unguwar Alabar, nan Kumasi, ban taɓa shiga aji ba, wannan ma wani na roƙa ya rubuta mini, amma yau maganar makaranta ce ta hana ni sakat.

Yayana Alidu yana can ƙasar Faransi, wajen Dogondutsi, inda aka haife mu. A can ba a tambayar uba. Kumandan, Baturen da ke mulkin wurin, zai aiko wa mai gari cewa yana son yara, dogarai su bi gida gida, wanda ba a ɓoye a rumbu ba shi ke nan. Haka suka ɗauke ɗansa Ibrahima, wanda nan muke ce wa Brimah, suka kai shi lakwal, wato makarantarsu, a wani gari. Shekaru yayana yana cizon yatsa. Bara da aka ba su hutu sai ya haɗa yaron da masu koro shanu zuwa Kumasi, ya ce in riƙe masa shi, kada ya sake ganin ƙofar makarantar Nasara.

To Malam, yaro ya zo, ba ya wasa, sai ya zauna bayan tukunyata yana zana lissafi a ƙasa da tsinke. Nan kuwa tun da gwamnati ta ɗauke kuɗin makarantar ƙanana, iyaye har layi suke yi, babu mai kama kowa. Na ce a raina wanda ka kai da ƙafarka ai daban yake da wanda aka ƙwace. Na ɗinka masa kaki, na kama hannunsa na kai shi.

Hedimasta ya yi masa Turanci, shiru. Ya yi masa Asantanci, shiru. Sai ya ce aji ɗaya. Kuma wai bisa al'ada sai yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa, a tabbatar ya isa shiga. Yaron da ya kamo ni tsawo, murya ta fara buɗewa! Ya taɓo kunnen, yara suka kwashe da dariya. Yanzu yana zaune a benci gwiwa har haɓa, ana rera waƙar ƙirga yatsu, 'yan ajin suna kiransa Papa. Ya ce mini a can ana dukansu in sun yi Hausa, nan kuma ga shi ana koya masa da yaren da bai sani ba. Ya ce shekara guda ta rage masa ya zauna jarrabawar satifiket, uban ya raba shi da ita. Ni dai na rasa gane kan Turawan nan. Wancan ya ƙwace maka ɗa da ƙarfi, wannan ya ce abin da wancan ya koya masa ba karatu ba ne.

Tun watan jiya ya daina zuwa. Kullum yana kasuwar shanu. Maigidana dillali ne a can, har yana murna, wai dama sanda ya kamata a ba shi ba allo ba. Ashe fadanci yake yi wa masu koro shanun. Ɗayansu ya tsegunta mana cewa ya roƙe su, in za su koma bayan Babbar Sallah su tafi da shi, zai kai kansa lakwal ɗin da aka sato shi.

Na yi faɗa har muryata ta dishe. Ina jin haushin yaron, ina jin haushin hedimasta, ina jin haushin maigidan da ke dariya. Amma tsoro ya fi yawa. In ya koma, yayana zai ce na ci amanarsa har sau biyu: na sa shi makaranta, kuma na bari ya kuɓuce. Shi kaɗai ya rage mini cikin 'yan ɗakinmu. In kulle yaron ne har ayarin ya tashi?

Goggon yaro, Alabar.

Ƙanwata, kada ki kulle shi. Yaron da ya keto daji a bayan shanu daga ƙasar Faransi, kwaɗonki ba zai tsare shi ba.

Na karanta wasiƙarki ni ma raina ya sosu, don kowa a cikinta ya yanke wa Brimah hukunci. Kumandan ya kama shi, uba ya sato shi, kin kai shi, hedimasta ya zaunar da shi, maigida ya miƙa masa sanda. Ban ga inda wani ya tambaye shi ba.

Yayanki yana da hujja. Wanda aka ƙwace wa ɗa ba shawara, ba zai so wurin da aka kai shi ba, ko zuma ake sha a can. Hedimasta ma ba mugunta ya yi ba. Kowace ƙasa da tsaninta, shi nasa kawai ya sani, ya ga yaro ba Turanci ya ajiye shi a matakin ƙasa. Sai dai ya yi gaggawa, kuma taɓa kunnen nan wulaƙanci ne ga saurayi.

Gobe ki cire shi daga bencin nan. Zango bai rasa ɗan Togo ko akawun da ya iya Faransanci da Turanci. Ki nemi ɗaya ya riƙa koya masa Turanci da yamma. Sa'an nan ku koma wurin hedimasta tare da mutumin, cikin ladabi, ku roƙa a gwada yaron da lissafi, don bakwai ɗin can ita ce bakwai ɗin nan. In ya ci, a ba shi ajin sa'o'insa, Turancin ya biyo baya. In wannan ya ƙi, Kumasi ba makaranta ɗaya ba ce.

Maganar yayanki kuwa, masu koro shanun nan za su kai masa labari ko kin so ko kin ƙi. Gara ya ji daga bakinki. Ki aika masa cewa abin da ya raba ɗansa da shi, shi ɗan yake so, kuma zaɓin da ya rage biyu ne: ya yi karatu a gabanki yana cin tuwonki yana zuwa makarantar allo, ko ya yi shi a hannun kumandan. Zai yi fushi. Fushi yana hucewa, amma ɗan da ya gudu ba kullum yake dawowa ba.

Kafin duk wannan, yau ki zuba wa Brimah koko, ki zauna, ki tambaye shi me yake so, ki yi shiru har ya gama. Tun da aka haife shi ke ce za ki fara yi masa haka.

Allah ya shirya miki shi, ya bar zumunci tsakaninki da yayanki.

Malam Iddi.