Sammaci a Tsakanin Takardun Mamata

Lelya Nevena, don Allah ki taimake ni da shawara, ni dai kaina ya ƙulle. Ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba. Direban tirela ne ni, takardun kan iyaka kaɗai na iya cikewa. In kin ga maganata ta yi gabas ta yi yamma ki yi haƙuri, haka take a cikin kaina.

'Yata ɗaya ce a duniya, Bilyana. A watan Mayu za ta cika shekara goma. Rabona da in zauna da ita shekara biyu da wata huɗu ke nan. Ba kuma wata uwa duniya take ba, garinmu ɗaya, tasha shida ce a bas tsakanin ɗakin da nake haya da gidan uwarta.

Bari in faro daga ƙofar gidan babana, don can abin ya lalace. Shekara ashirin ina birni, amma har gobe adireshin ƙauyenmu ne a katin shaidata. Marigayi babana Stamen ne ya hana ni canzawa. Ya ce da ƙidayar sunaye ake bar wa ƙauye bas ɗin ranar Laraba da ofishin shugaban ƙauye, in muka yi ta zare sunayenmu tsofaffi da kyanwoyi kaɗai za su rage. Na yi masa alkawari. Da ya rasu muka rufe gidan. Kin dai san ƙofar gidan da aka yi rashi: takardar sanarwar rasuwa da hotonsa, ta kwana arba'in, ta wata shida, ta shekara, ga ta mahaifiyata da ta riga shi, ga ta kawuna, duk an liƙa su a kan juna, ruwa ya dake su rana ta cinye su. Ba mai cirewa, kuma bayan makon farko ba mai tsayawa ya karanta.

Bayan rasuwarsa da shekara ɗaya zamanmu da Zornitsa, uwar yarinyar, ya ƙi daɗi. Ba zan ce ita kaɗai ce da laifi ba, mutumin da yake kwana ashirin a hanya ya dawo da baƙin rai ba shi da bakin magana. Na kwashe kayana na kama ɗaki. Ina can tsakanin ƙasashen Sabiya da Ostiriya ta kai ƙarar rabuwa da riƙon yarinya, ta ba kotu adireshin da ke katina. Ɗan aiken kotu ya je ƙauye sau uku, gida a kulle. Sai ya yi abin da aka koya masa, ya liƙa sanarwa a ƙofa cewa in zo in karɓi sammaci. A ina? A tsakiyar takardun mamata, dab da hoton babana.

Maƙwabciyarmu, tsohuwa Tsonka, ta gan shi yana liƙawa. Da na tambaye ta daga baya sai ta ce min ai ita ta ɗauka ta cikar shekara biyu ce ta Stamen, har ta yi alamar gicciye ta ce Allah ya jiƙansa, ta kuma yaba mini a ranta da na aiko mutum mai kwat ya liƙa. Tabarau ɗinta yana cikin gida. Me zan ce wa tsohuwa mai shekara tamanin da uku? Dariya na yi, sannan na koma mota na kifa kaina a sitiyari.

Aka yi shari'ar ba ni. Kotu ta naɗa mini wani lauya da bai taɓa ganin ƙeyata ba, ya tsaya a madadina. Hukunci: in riƙa ganin 'yata Asabar ɗaya a wata, awa huɗu, uwarta na zaune. Awa huɗu fa, Lelya. Na fi haka jira a layin kan iyaka.

A nan zan faɗi nawa laifin, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sau uku na je. Duk zuwa sai mun yi cacar baki da Zornitsa a bakin ƙofa, ni ina cewa ta san sarai ba na ƙauye, ita tana cewa ni da na fita ban bar mata ko lambar ɗaki ba, ina za ta rubuta, bayan tirela? A zuwa na uku yarinyar ta shige ƙarƙashin tebur ta toshe kunnuwanta. Na fita na ce ba zan sake taka gidan ba sai kotu ta ba ni haƙƙina cikakke, ba sadaka nake roƙo ba. Na ɗauki lauya na shigar da ƙara a canza hukuncin. A zatona wata uku ya yi yawa.

Zaman farko lauyanta ba shi da lafiya, aka ɗage wata huɗu. Na biyu rahoton jami'an kula da yara bai iso ba. Suka ce sun je gidana ba su same ni ba. Wane gidan? Na ƙauye mana. Na uku ya faɗa bayan hutun alƙalai na bazara, muka je muka tarar an yi wa alƙaliyar canjin wurin aiki, sabuwar ta ce sai ta karanta fayil. Na huɗu masaniyar halayyar yara da aka naɗa ba ta gama rubutu ba, ita kaɗai ce ga shari'o'i ko nawa. Na biyar aka ce rahoton farko ya tsufa, yarinya ta girma, a sake sabo. To da ma jira za ta yi? Kowane zama bai kai minti goma ba. Ni kuwa kowanne sai na roƙi mai kamfani ya sauya mini tafiya, in aske gemu, in sa rigar da na yi aure da ita, in zauna a bencin nan na baranda tare da mutane ashirin da duk aka rubuta wa ƙarfe tara da rabi. Har mun saba, muna gaisawa. Akwai wata mata da muka fara tare tana da tsohon ciki, yanzu yaron da ƙafarsa yake zuwa.

Zama na gaba goma ga Yuni. Lauyana ya ce tunda Bilyana za ta cika goma kafin nan, dole alƙaliya ta ji ta bakinta. Ya faɗa min kamar albishir. Ni kuwa tun ranar abinci ba ya min daɗi. Me za ta ce? A watan Satumba, ranar buɗe makaranta, na tsaya a tsallaken titi na gan ta da furannin da za ta kai wa malama a hannu. Ta gan ni. Kafin ta yanke ko ta ɗaga min hannu sai da ta dubi fuskar uwarta tukuna, sannan ta ɗan sunkuyar da kai, irin gaisuwar da ake yi wa mai gyaran famfo. Tsoro nake ji, Lelya, tsoro ƙarara. Ina tsoron ta tsaya gaban alƙaliya ta ce ba ta san ni ba, kuma gaskiya ta faɗa.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne abin da ya faru shekaranjiya. Ina gaban teburan masu sayar da zaren ja da fari na ɗaya ga Maris, wanda muke ɗaura wa namu a wuyan hannu don fatan lafiya, sai an ga shamuwar farko a kwance a ɗaura a reshen itace, ina zaɓa mata. Kowace shekara nakan saya, in ajiye a aljihun gaban mota, na bara da na bara waccan suna nan a ledarsu. Sai na ji murya a bayana: "Kai suruki, wa za ka ɗaura wa, madubin tirela?" Ginka ce, uwar Zornitsa. Matar da shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa yaba ko yadda nake yanka burodi ba. Ta ƙare min kallo ta ce na rame kamar tsintsiya. Sannan ta ce duk Asabar yarinyar a wurinta take yini, uwar tana aiki kuma da saninta ake gayyatata, in ina da ƙafa in zo ƙarfe goma za ta yi banitsa, wainar fulawar nan mai cuku, amma kada in shigo mata da lauya ko da zancen lauya, ko a aljihu.

Na kira lauyana. Ya ce kul, in na fara karɓar guntu-guntu a ɗakin girkin suruka, ɗaya ɓangaren za su ce ai ga shi ya gamsu, a rufe ƙara. Ya ce saura wata uku da 'yan kwanaki, in daure. Asabar ɗin nan ce ɗaya ga Maris.

Na gaji, Lelya. Wani lokacin sai in ji kamar in janye ƙarar, in karɓi hanyar ƙasar Sifen ta wata bibbiyu, in bar yarinya ta huta da mu. In je gidan Ginka in ɓata shari'ar shekara biyu? In bi lauya in jira Yuni? Ko in haƙura gaba ɗaya?

Direban da ya gaji

*

Ɗana direba,

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Gajiyarka tana kan hanya, kuma ba kai kaɗai ba ne, wasiƙun mutanen bencin nan sun cika mini aljihun tebur. Shari'ar yaro ba shari'ar iyakar gona ba ce da za a ajiye ta wata biyar a dawo a same ta yadda aka bar ta. Da za a ji tawa, da kafin a liƙa wa mutum takarda a ƙofa an kira wayarsa, da iyali ɗaya alƙali ɗaya daga farko har ƙarshe, da ɗagewa a shari'ar yara da makonni ake ƙirga ta, da kuma an fara zaunar da iyaye gaban mai sulhu tun ba su koyi magana ta bakin lauyoyi ba. Amma duk wannan ba zai zo kafin Mayu ba, don haka mu koma kanka.

Kotu ta cinye maka lokaci, gaskiya ne. Amma ba kotu ce ta hana ka awa huɗun nan ba, kai ka ajiye su don zuciya. Asabar ashirin da takwas ke nan. Ban faɗa don in ƙara maka ciwo ba, sai don wannan ne kaɗai ɓangaren da ke hannunka. Zornitsa kuma, ko da gangan ta ba da adireshin ƙauye ko ba da gangan ba, ni ban sani ba, kai ma ba za ka taɓa sani ba, ka sauke wannan kayan. Abin da na sani shi ne Ginka ba za ta gayyace ka ba sai da yardar 'yarta. Macen da ta ga ɗiyarta a ƙarƙashin tebur tana da dalilin ɗari-ɗari, amma ga shi ta buɗe ƙofa ta hannun uwarta.

Ni ba lauya ba ce, kuma ban ce ka sallami naka ba. Shi aikinsa ya kare fayil. Ka gaya masa za ka je, ba izini kake nema ba, shi kuma ya rubuta wa kotu cewa ziyarar ba janye ƙara ba ce. Ka tambaye shi ko za a iya neman tsarin ziyara na wucin gadi kafin hukunci, da kuma zaman sulhu. In ya yi ta kwana-kwana, ka ji ta bakin wani lauyan. A iya sanina, uban da ke zuwa ya fi uban da ke jira kyan gani a idon alƙali.

Ranar Litinin ka je ofishin gunduma ka yi rajistar ɗakin da kake kwana a matsayin inda kake zaune yanzu, ka kai wa kotu da jami'an yara adireshin da lambar wayarka a rubuce. Ka tambaya ko adireshin dindindin zai iya ci gaba da zama na ƙauye yadda yake. Ko bai yiwu ba, Stamen ba zai so a riƙe wa ƙauye bas a rasa masa jika ba.

Hanyar Sifen kuwa ka manta da ita. Yarinyar da ke duban fuskar uwarta kafin ta ɗaga maka hannu ba ta manta ka ba, izini take nema. Wanda aka manta ba a neman izini a kansa.

Ranar Asabar ka je, zuwa da kai ya fi saƙo. Ka ci banitsar Ginka ka yaba ko ta ƙone. Kada ka ambaci kotu, kada ka ambaci uwarta, kada ka tambaye ta ko ta yi kewarka, kada kuma ka yi mata kuka, ba ita za ta lallashe ka ba. In ta yi shiru ka bar ta, ka dawo Asabar ta gaba. Tsakanin nan da goma ga Yuni akwai Asabar goma sha biyar, ka roƙi mai kamfani ya bar maka su yadda ka roƙe shi ranakun kotu. Ban yi maka alkawarin abin da za ta faɗa wa alƙaliya ba, amma dai za ta yi magana a kan mutumin da ta sani.

Ka tafi da zaren duka uku, ka gaya mata na wace shekara ne kowanne. Na bana ka tambaye ta kafin ka ɗaura, kuma ka sassauta ƙullin, wuyan hannun ya fi yadda ka bar shi girma.

Allah ya huta gajiya, ya sa ku ga shamuwar farko ta bana tare, ta kwance zaren ka janyo mata reshe ta ɗaura.

Lelya Nevena